Gara Ta Gama Karatu

Shekara goma sha tara makullin magaza yana wuyana,
a lakwal ɗin Garin Malam, nan bayan duwatsu.
Ban iya karatu ba.
Amma na san nauyin kowace sabuwar doka,
don a kaina ake sauke ta daga mota.

Na fari masu koren bango ne.
Farar mota ta kawo su, da baƙuwa wadda rana ta gasa wa wuya,
aka ce daga yau yaro da harshen uwarsa zai soma.
Madam Zuwaira har guɗa ta yi a tsakar fili.
Barira jikata ta dawo gida,
ta ɗau tsinke ta rubuta tuwo a ƙasa,
ta karanta mini, na ce sake,
ta sake, na ba ta dala biyar.

Damina biyu, kuɗin furoje ya ƙare.
Masu lakwal ta kuɗi suka sa manyan riguna suka nufi Yamai,
suka ce Hausa ai ko a bakin rijiya ana koyonta.
Alhaji Mutari ya raka su, shi da injin buga littafinsa ke tsatsa a Zango,
surukinsa kuma na zaune a kwamiti.
Kafin kaka sai ga shuɗin bango, kwali sittin.
Tasi'u, in ji dirakta, kwashe koren ka kulle.
Na kulle.

Sandika ta ce ba mai taɓa shuɗi
sai an biya bashin wata huɗu.
Ban ga laifinsu ba:
a gabana Mushe Harisu ya sayar da kekensa ya auno hatsi.
Kwana arba'in alli bai taɓa allo ba,
awaki suka cinye rabin ajin zana.
Da aka dawo, wata ƙungiya ta ce shafi na talatin bai dace ba.
Ni na riƙe, dirakta na yagewa,
har yau ban san abin da ke ciki ba.

Ranar babban taro ni na jera kujeru ƙarƙashin bedi.
Arba'in da biyu, na ƙirga.
Ta mai furoje, ta ɗan jam'iyya, ta sandika,
ta shugaban iyaye, wanda idonsa ke kan kwangilar katanga.
Yara sun yi shara tun asuba, sun yayyafa ruwa,
sun rera maraba,
sai aka ce in kora su, kada su dami manya
ana maganar makomarsu.
Na kora su. Da sandata.

An sha lemo, an raba ambulan,
an fito da rawayan bango.

Yanzu Barira shekararta goma sha uku.
A Faransanci tana tafiya kamar mai ƙaya a ƙafa,
a Hausa kuwa tana nan inda aka tsayar da ita,
bakin tuwo, ba miya.

Jiya dirakta ya ce, gobe akwai mota, share wuri.
Na buɗe magaza.
Gara ta gina gari tun daga ƙasa har rufi,
ta shiga kore ta fita ta shuɗi ta ratsa rawaya,
ba ta tambayi wa ya kawo ba, ba ta jira kwamiti ba.
Duk Damagaram ita kaɗai ta gama manhajar nan uku.

Can ƙasan kwali na tarar da kore guda,
an ci gefensa, tsakiya na nan:
hoton tukunya, da baƙaƙe huɗu da na gane
don na taɓa ganinsu a ƙasar gidana.
Na duba hagu, na duba dama.
Shekara goma sha tara ko alli ban ɗauka ba.
Na cusa shi cikin riga, na mayar da kwaɗo,
na share wa motar gobe wuri.